Yadda ake canza maleƙi da robar ido a madubin likita

Sau da yawa idan aka kira ni wani ɗakin gwaji a cikin Jos, ko Bukuru, ko can hanyar Vom, aka ce "madubinmu ya daina gani", ba na kaiwa ga buɗe cikin injin. Laifin yana sama, wurin ɗora ido. Ko gilashin ya sha kwalli da man shafawa, ko fumfuna ta yi saƙa a cikinsa, ko wani ya zaro na wani injin ya cusa a nan, ko robar ta tsufa ta koma danƙo. Aiki ne na minti ashirin, amma na sha ganin inda aka mai da shi asarar injin sukutum.

Mu daidaita kan suna tukuna. Gilashin nan na sama da ake leƙawa ta cikinsa, 'yan lab suna ce masa ayifis, ni a nan maleƙi zan riƙa cewa. Robar da ke zagaye da bakinsa ita ce robar ido. Gilasan ƙasa masu fuskantar silaid (ɗan gilashin da ake ɗora abin da za a duba a kai), masu 4x, 10x, 40x da 100x, su ne objektif. Ramin da maleƙi yake zama a ciki kuwa bututu.

Kayan da za ka tanada

Abu na farko ma'auni. In kana da baniya, wato kalifan nan mai baki biyu da makanikai ke awo da shi, shi ne daidai. In babu, rular ƙarfe za ta yi wani aikin, amma za ka ga inda take gazawa. Sai ƙananan sukudireba irin na masu gyaran agogo da waya, waɗanda za ka samu a shagunan kayan waya na wajen Taminus, da ƙananan alanki, musamman mai lamba 1.5 da mai lamba 2. Sai famfon iska na roba, da burushi mai laushi wanda bai taɓa shiga fenti ko hoda ba, da takardar goge gilashi, da sifirit mai tsabta irin na lab, da tsumma fari da za ka shimfiɗa a tebur, da kofin ruwan ɗumi. Ka aje silaid guda mai rini sosai wanda ka san kamanninsa, da shi za ka gwada aikinka.

In babu takardar gilashi, auduga mai tsabta da aka naɗa a kan tsinke za ta tsaya a madadinta. In babu famfon iska, sirinji babba marar allura yana hurawa. Abin da ba shi da gurbi a wannan tebur: filaya, tishun bayi, sufa gulu, da bakin rigarka.

1. Tabbatar laifin na maleƙi ne

Kunna fitila, ɗora silaid, daidaita har ka ga hoto. Ga ɗigon baƙi ko hazo da ake kuka da shi. Yanzu juya maleƙin a hankali cikin bututunsa kana kallo. In dattin ya bi shi yana zagayawa, a jikinsa yake. In ya tsaya cak, matsa silaid: in ya tafi da silaid, ka san inda yake. In bai motsa ba, sauya objektif. In har yanzu yana nan, to ko a kondensa yake, wato gilashin da ke tattara haske a ƙarƙashin silaid, ko a cikin kan injin, kuma sayen sabon maleƙi ba zai kawar da shi ba.

Wani gwajin mai sauƙi, musanya na dama da na hagu. In hazon ya ƙaura tare da maleƙin, ka kama ɓarawo.

2. Karanta rubutun jikin tsohon

A nan mutane suka fi yin asarar kuɗi, don haka zan ɗan jima. A jikin kowane maleƙi akwai rubutu kamar WF10x/18 ko 10x/20. Lambar farko ita ce yawan girman da yake ƙarawa. Ta biyu faɗin filin da yake nunawa ne. In ka raba ta da lambar objektif, ka samu faɗin abin da kake gani a kan silaid da milimita: maleƙi mai 18 a kan objektif 100x yana nuna 0.18, mai 20 yana nuna 0.2. Wannan ba lissafin banza ba ne ga mai ƙirga ƙwayoyi fili-fili, kamar a fitsari ko majinar tarin fuka. In aka cire mai 18 aka sa mai 22, filin ya ƙaru da kusan rabi, ƙirgar ma za ta ƙaru alhali majinyacin bai canza ba. Saboda haka in ka canza wannan lamba, ka gaya wa duk mai aiki da injin. Kuma ba kowane kan inji ne ke iya cika babban fili ba. In ka sa mai 22 a injin da aka ƙera don 18, gefen hoton zai yi duhu.

Sai maganar girma. Kowane sabon shiga yana sha'awar 16x ko 20x, wai don ya fi gani. Wani mai lab ya taɓa nuna mini 20x guda biyu da ya sayo yana murna, ya ce yanzu injinsa ya kai 2000. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, hoton ya yi girma, amma ba abin da ya ƙaru a cikinsa." Abin da ke fito da ƙananan abubuwa objektif ne, maleƙi faɗaɗawa kawai yake yi. A jikin objektif 100x, wanda ake ɗiga wa mai, za ka ga 1.25, lambar da ke nuna ƙarfinsa na fito da ƙananan abubuwa. Ka ninka ta sau 1000, ka samu 1250, kusan iyakar girman da ke da amfani ke nan. Duk abin da ya haura haka hoto ne mai faɗi, dishi-dishi, fili ƙarami, ga ciwon kai. Aikin duba ƙwayar maleriya da 10x a sama da 100x a ƙasa ake yinsa, jimla 1000. Ka tsaya a 10x.

In ka ga zanen tabarau a jikin maleƙi, an yi shi ne yadda mai sa tabarau zai ga fili duka ba sai ya manna ido ba. In a ɗakin akwai masu tabarau, irinsa za ka nema.

Duba jikin objektif ma. In an rubuta 160, injin tsohon tsari ne. In alama ce kamar 8 a kwance, sabon tsari ne. Da yawa daga cikin tsofaffin injuna, irin su Zeiss da Leitz da Olympus na da, an raba aikin gyaran launi ne tsakanin objektif da maleƙi, shi ya sa za ka ga K ko C a rubutun maleƙinsu, ko Kpl a na Zeiss, ko Periplan a na Leitz. In ka sa musu maleƙin gama-gari, tsakiyar hoto za ta yi kyau, amma a gefe za ka ga shuɗi da rawaya suna bin bakin ƙwayoyi. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne na kamfanin injin, kuma na samfurinsa. Ga masu Olympus, tun 2022 ɓangaren madubansu ya koma ƙarƙashin sunan Evident, kada ka ga sunan a kwali ka zaci jabu ne.

Kuma biyu ake canzawa tare. Sabo a dama, tsoho na wani kamfani a hagu, ido biyu ba za su haɗa hoto ɗaya ba, kafin azahar mai aikin ya fara neman maganin ciwon kai.

3. Auna kafin ka biya kuɗi

Faɗin gindin maleƙi, wato ɓangaren da ke shiga bututu, iri uku ne aka fi samu: milimita 23.2, da 30, da 30.5. Na farko shi ne a yawancin injunan makarantu da tsofaffin na asibiti. Na 30 yana cikin sababbi masu faɗin fili. Na 30.5 an fi ganinsa a wasu madubai masu duba ƙwari da duwatsu. Rula za ta raba maka 23.2 da 30 ba wahala, amma ba za ta raba 30 da 30.5 ba, kuma rabin milimitar nan shi ne tsakanin maleƙin da ya zauna daram da wanda yake karkaɗa ko ya ƙi shiga. In ba ka da baniya, naɗe tsohon a tsumma ka kai wa mai walda ko makanike ya auna maka.

In daga Legas ko Abuja za a aiko maka, tura hoton rubutun jikin tsohon da hoton awon, kada ka tsaya ga "na Olympus nake so". Ka kuma nemi a yarda za a karɓa in bai hau ba.

4. Cire tsohon

Kashe fitila, zare waya daga soket, rufe taga, kashe fanka. Lokacin hunturu ƙurar Jos ba ta jiran gayyata, kuma bututun da ke buɗe kai tsaye yake kaiwa ga gilasan cikin kai, inda hannunka ba zai kai ba.

Wasu maleƙan zarewa kawai ake yi. Wasu kuma, musamman a injunan koyarwa, an ɗaure su da ɗan ƙaramin sukuru a gefe ko ƙarƙashin bututu, don kada ɗalibai su yi gaba da su. Shafa da yatsa ka nemo ramin, wani lokaci yana ɓoye ƙarƙashin roba. Sassauta shi zagaye ɗaya, iyaka biyu. Kada ka fitar da shi gaba ɗaya. Bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma ni da kaina na taɓa shafe awa guda a durƙushe da tocila ina neman ɗaya a ƙarƙashin benci, tun daga ranar ba na aiki sai da tsumma a shimfiɗe.

Riƙe bututun da hannu ɗaya, ka jawo maleƙin da ɗayan, miƙe, kana ɗan murzawa. Riƙon nan yana da dalili: in ka murɗa ba ka riƙe ba, ƙarfin yana sauka ne a kan zoben daidaita ido, wanda ake murzawa a bakin bututu don hoto ya dace da kowane ido, zarensa kuwa siriri ne. In ya cije, sake neman sukuru, sau da yawa akwai na biyu. In babu, naɗa masa tsinken robar tayar keke don hannunka ya kama, ka riƙa murzawa dama da hagu kaɗan-kaɗan. Ba a sa filaya, ba a ɗiga mai. Mai yana bin zare ya gangara har kan gilashi, garin neman gira a rasa ido.

Da ya fito, toshe bututun nan take da murfinsa, ko ka rufe bakin da takarda mai tsabta ka ɗaure da robar kuɗi.

5. Goge, ko sabo ne

Kafin ka jefar da tsohon, goge shi tukuna, da yawa suna dawowa. Tsarin ɗaya ne ga sabo da tsoho. Iska da farko, sannan burushi, sannan takarda. Kada ka tsallake iskar: ƙurar hunturu yashi ce, in ka murza ta da takarda ka yi wa gilashin zane na har abada. Ɗiga sifirit a kan takarda, ba a kan gilashi ba, don in ya kwanta a gefe yana shiga tsakanin gilasan da aka manne. Fara daga tsakiya, ka zagaya kana fita zuwa baki, sau ɗaya, ka yar da takardar ka ɗauki wata. Kwalli da basilin sai an yi sau uku ko huɗu. Sinadarin zailin da ke kan bencin lab kada ya kusanci maleƙi, yana cin roba da fenti, yana kuma iya taɓa abin da ya manne gilasan.

Ɗaga shi ka karkata a gaban fitila. In ka ga zare-zare farare kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, abin da damina ke bar mana a watannin Yuli da Agusta. Wadda ta daɗe tana cin fatar gilashin, ko an goge tabon yana nan. Ban ba sabon hannu shawarar warware cikin maleƙi ba. In ya zama dole, ɗauki hoto da waya a kowane mataki, ka jera gilasan a tsumma yadda suka fito, don in ɗaya ya koma a kife hoton ba zai ƙara daidaita ba.

Tsohon da ya mutu ma kada ka yar. In ka juya shi ka leƙa ta gindinsa, ya zama gilashin ƙara girma, da shi nake duba bakin objektif 40x in ga ko ya sha mai.

6. Saka sabon

Hura bakin bututu yana kallon ƙasa in kan yana juyawa, goge cikin bakin da busasshiyar takarda. Saka maleƙin miƙe. Wanda ya dace da kansa yake sulalewa a hankali har kafaɗarsa ta zauna a bakin bututu. In sai ka danna da ƙarfi, tsaya, awon bai yi ba. Wasu suna da ɗan haƙori a gindi da ke shiga wata tsaga a bututu, juya har ka ji ya faɗa. Ɗaure sukurun har ya taɓa, ka ƙara ɗan kaɗan, shi ke nan. Ɗaurin ƙarfi yana lotsa gindin.

In mai 30 ne a hannunka, bututun kuma 30.5, akwai zoben cike gurbi da ake sayarwa, haka ma daga 23.2 zuwa 30. In babu, zagaya gindin da salatif, zagaye cikakke ba tare da baki ya hau baki da yawa ba, don kada ya karkace. Maneji ne, kuma in zafi ya narkar da gam ɗin sai ka sake.

In maleƙin yana da sikelin awo a ciki ko ɗan tsinken nuni, sa shi a ɓangaren idon da mai aikin ya fi amfani da shi. Sikelin kuma sai an sake gwada shi da silaid ɗin awo, mai milimita 1 da aka raba gida 100, a kan kowane objektif. Tsohon lissafin da aka manna a bango ya tashi aiki.

7. Daidaita shi da ido

Mutane suna tsallake wannan, sannan su ce sabon ma ba shi da kyau. Mai da zoben daidaita ido kan sifili. Ɗora silaid, sa objektif 10x. Buɗa ko matse bututun biyu har da'ira biyu su zama ɗaya. Akwai lamba a tsakani, yawanci daga wajen 48 zuwa 75, ka haddace taka. Rufe idon da ke ɓangaren zoben, a yawancin injuna hagu ne, ka daidaita hoto da ɗayan idon ta ƙaramin makullin fokas. Cire hannunka daga makullin. Yanzu buɗe wancan idon, rufe wannan, ka murza zoben kaɗai har hoton ya fito tas. Juya zuwa 40x: in komai ya zauna, taɓi kaɗan za ka yi wa makullin. In sai ka yi ta murzawa, ko maleƙin bai zauna har ƙasa ba, ko ba na tsarin injin ba ne.

8. Robar ido

Ita ce mafi araha a jikin injin, ita ce kuma aka fi rainawa. Tana tare hasken taga, tana tsayar da ido a tazarar da ta dace, tana hana gashin ido shafa gilashi, tana kare tabarau daga karcewa.

A nan faɗin saman maleƙi ta waje za ka auna, ba gindi ba. Sayi wadda ta yi daidai ko ta gaza da kamar milimita 1, tunda tana miƙewa. Ɓare tsohuwar da yatsa daga gefe guda. In ta narke ta manne, kankare da farce ko tsinke, ka goge ƙarfen da sifirit kana riƙe da maleƙin a kife don kada dattin ya gangara kan gilashi. Yawanci akwai tsaga da ta zagaye saman, a cikin robar kuma akwai leɓe da ke shiga cikinta. Sa leɓen a gefe guda, danne da babban yatsa, ka bi da sauran zagaye. Da safiyar Disamba a Jos roba tana sandarewa, in ka ja ta da ƙarfi sai ta tsage. Tsoma ta a ruwan ɗumi minti biyu, ba tafasasshe ba, tsane ta sarai, za ta hau kamar ba ita ba. Mai fiffike a gefe guda, fiffiken yana kallon kunne. Mai tabarau ya naɗe bakin robar ƙasa, marar tabarau ya bar ta a miƙe.

Sufa gulu kuwa, na roƙe ka. An taɓa kawo mini maleƙa biyu da wani yaron lab ya manne wa roba da shi da yamma, ya rufe injin da leda ya tafi gida. Da safe gilasan sun yi fari fat kamar an shafa alli, har da zanen yatsansa a jiki, domin tururin gam ɗin yana bin maiƙo ya daskare. Ɗaya ya dawo da ƙyar, ɗayan bai dawo ba. In robar ta yi sako-sako, siririn tef mai gam fuska biyu a jikin ƙarfen ya isa.

In ba a samu robar ba sam, je wurin mai faci ka karɓi tsohon tib, na keke ga siririn maleƙi, na babur ga mai kauri. Yanka zobe mai tsawon kamar santimita 3, wanke hodar cikinsa da sabulu, shanya, ka sa shi ka naɗe bakin sama sau ɗaya don ya yi laushi. Ba shi da kyan gani, yana kuma ɗan warin taya kwana biyu, amma yana aiki.

Inda mutane da yawa ke leƙa inji ɗaya, a riƙa cire robobin ana wanke su da ruwa da sabulu, balle lokacin da ciwon idon nan Afolo ya shigo gari. Ruwan bilic yana sa roba ta bushe ta farfashe.

In madubin hangen nesa ne ko kyamara

Masu kallon tsuntsaye, irin waɗanda ke shiga dajin Amurum a Laminga, da masu ɗaukar hoton biki, su ma sukan zo da wannan matsala. A madubin hangen nesa mai ido biyu ba a zare maleƙi, haɗe yake da jikin, kuma in ka kwance shi ido biyun suna iya saɓawa. Robar kaɗai za ka taɓa. Mai naɗewa ɓarewa ake yi kamar ta sama. Mai murɗawa sama da ƙasa, a samfura da yawa in ka ɗago ta har ƙarshe ka ci gaba da murɗawa hagu sai ta kwance, amma a wasu manne take, don haka in ka ji ta tsaya kada ka tilasta. Yashi ne ke kashe irin wannan: burushi da iska, ba mai ba.

Ta kyamara ta fi duka sauƙi. Matse gefe biyu, tura sama, ta fito. Sabuwar a zura daga sama har ta ce ƙas. Sai dai kowace da lambarta: Canon 600D da 700D suna cin Ef, 7D da 5D Mark III suna cin Eg, Nikon D750 kuma DK-21. Juya tsohuwar ka duba, galibi lambar tana jiki.

Maleƙan da ka cire ko ka aje na ko-ta-kwana, sa su a roba mai murfi da ƙullin silika, irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. Mai launin shuɗi in ta koma ruwan hoda ta ƙoshi da danshi, sai a gasa ta a hankali ta dawo. Injin kansa da damina kada a kulle shi cikin leda, a rufe shi da yadi, in da hali a sa shi a kabad mai ƙaramin ƙwan fitila a kunne. Bututun da ba maleƙi a cikinsa kuma kada ya kwana a buɗe, ko na dare ɗaya ne.